Takalmana Bayan Ƙyaure

Duk lokacin da na ji warin kananzir, sai in tuna tsakar gidanmu na Ƙofar Rini. Ina ƙarama, Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo daga Kwalkwalawa bayan la'asar, ta tarar da ni zaune a bakin murhun da babu wuta. Tun rasuwar Baba, Inna ta daina girki, ta daina duba ni, kullum tana kwance a ɗaki.

Gwaggo ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, tana tsefe kitsona da ya cukurkuɗe, tana shafa mini kananzir saboda kwarkwata. Kaina yana raɗaɗi, amma ban yi kuka ba.

Sai ta juya wajen ɗakin ta ce wa Inna, "Dije, ɗiyag ga da ita za ni tafiya."

Na zuba wa labule ido, ina jiran Inna ta fito ta hana.

Daga ciki ta amsa, "To, Yaya. Takalmanta na nan bayan ƙyaure."

A gidan Gwaggo na ƙoshi, na yi karatu, ban taɓa ganin laifinta ba. Amma ga ni yau da 'ya'yana, har yanzu ina jiran labulen nan ya motsa.