Mai Farar Riga a Hagu

"Cire mai farar rigar nan na hagu," in ji Oga. Ya turo min hoton, bai ko kalle ni ba.

Kafin hoton ya gama buɗewa na danna Ctrl da alamar tarawa, na zuƙo shi har ba abin da ya rage a allon sai bakin riga. Haka nake aiki, hannun hagu a kibod, na dama a maus. Na daina kallon fuska tuntuni, ɓata lokaci ne. Shi ya sa a shagonmu na gyaran hoto ake ce min Inji.

Na zagaye kafaɗa, na goge. Akwai wani ɗan hannu riƙe da gefen rigar, na mayar da shi kan kujera. Na cike gurbin da labule. Ctrl da S, yatsuna suka adana da kansu.

Sannan Ctrl da sifili, hoton ya dawo gaba ɗayansa.

Labulen falona ne. Ga matata zaune, ga 'yarmu a gefenta tana riƙe da kujera.

"Oga, wa ya kawo wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Matarka. Na ce bari in ba wani, ta ce a'a, kai za a ba. Wai sai ka gama za ka lura."

Yatsana ya je kan Z, maɓallin dawo da abin da aka goge, ya tsaya. Na dubi gurbin. Aiki ya yi tsaf, ko alamata babu.

Na ce, "Turo na gaba."