Garin da Kowa Hashimu

Ranar da Mushe Rabo, sabon malamin makaranta, ya fara koyarwa a lakwal ɗin ƙauyen, ya ce Hashimu ya taso ya goge allo. Kusan rabin ajin ya miƙe.

Daga Tasawa aka turo shi wannan ƙauye da ke gefen Korgom, kuma bai daɗe ba ya gane abin ya wuce aji. Akwai Hashimu Dogo mai amalanke, da Hashimu Tela, da Hashimun Ladi, da wani da ake ce wa Hashimu Na Baya don kawai laƙabi ya ƙare. Da maraice, in mata suka fito kiran ƴaƴansu, sai ka ji sunan yana tashi daga kowane lungu.

Rabo ya zauna, ya saba, har ya auri ƴar garin, Zahra'u. Da ta samu ciki ya yi wa kansa alkawari: in namiji ne, Sadiƙu zai sa masa.

Haihuwar ta zo da wuya. Ruwan sama ya cinye hanya, babu moto da za ta kai su likita. Tanna ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar kusan duk wanda ke garin, ita ta tsaya a kan Zahra'u har yaro ya faɗo lafiya.

Ana gobe suna, Zahra'u ta ce Hashimu take so.

"Wani kuma?" in ji Rabo. "Waɗanda ke akwai ba su isa ba?"

"Na yi alkawari, Mushe."

"Ga wa?"

Sai kawai ta gyara wa jariri zane.

Rabo ya fita neman tushen abin. Hashimu Dogo ya ce shi dai haka ya tashi ya ji ana kiransa. Mahaifinsa ya ce uwar yaron ce ta nace. Gida na gaba ma haka aka gaya masa, da na gaba da shi.

Liman ya karɓe shi da fara'a. Ya ce sunan Larabci ne, ma'anarsa mai farfasawa. Wanda ya fara shahara da shi kakan mahaifin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sunansa na asali Amru, amma a shekarar yunwa ya riƙa farfasa gurasa cikin romo yana ciyar da mutanen Makka, sai laƙabin ya danne sunan. Daga can fatake da malamai da alhazai suka ratso Sahara da shi.

"To, me ya sa ya yi wa garin nan yawa haka, Malam?"

Liman ya yi dariya. "Ni abin da uba ya raɗa mini shi nake faɗa."

A hanyar gida Rabo ya tuna da mutum ɗaya da zai iya mara masa baya. Tunda ya zo garin bai taɓa jin Tanna ta furta sunan ba. Yaran da ta karɓa da hannunta, sai ta ce "kai mai kunnen nan" ko "ɗan gidan Ladi". Ya tabbata ita ma ya ishe ta.

Ya same ta a ƙofar gida tana ɓarar wake. Mijinta, Baba Ɗan Azumi, yana kishingiɗe a tabarma yana gyangyaɗi. Can wata mata ta ƙwala wa ɗanta kira, tsohon ya ɗaga kai, ya duba hagu da dama, ya koma barcinsa.

"Inna, na lura ke ba ki faɗin sunan nan," in ji Rabo.

"Ban taɓa ba, ɗana. Ba kuma zan fara yanzu ba."

"To ki taimake ni ki yi wa Zahra'u magana."

"Zan je in gan ta," ta ce, tana ta murmushi cikin ƙwaryarta.

Ta je kuwa. Rabo yana tsakar gida yana jin dariyarsu a ɗaki. Da tsohuwar ta tafi, ya shiga da ƙarfin gwiwa, sai ya tarar Zahra'u ta ƙara kafewa.

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya dube ta. Har yanzu ba ta iya tashi sai ta dafa bango. Ya tuna yadda ya tsaya a bakin ƙofar nan cikin ruwa yana roƙon Allah Ya bar masa ita. Ya ce a ransa, mai ciyar da mutane a shekarar yunwa ai ba sunan ƙi ba ne.

Da safe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Rabo ya raɗa wa liman, aka yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Hashimu.

"Na'am," in ji Baba Ɗan Azumi daga cikin gyangyaɗi.

Maza suka fashe da dariya, suna cewa tsufa ya kama Baba. Rabo ma ya dara.

A cikin gida kuwa mata suka juya gaba ɗaya suka dubi Tanna, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Duk macen da ta taɓa durƙusa a gabanta ta san ladan da take roƙa in yaro ya zo namiji, ta kuma san dalili. Tun tana yarinya aka kai ta gidan Ɗan Azumi, kunya ta hana ta furta sunansa na yanka ko sau ɗaya, shi ya sa ta sa garin duka yana kira mata shi safe da maraice.