Tsohon da Injin Tausa Ya Miƙar

Mai tallan ya ɗaga injin tausar sama kamar wanda ya ciyo kofi, abin yana ta ɓari a hannunsa yana gurnani. A kan teburin da ya kafa a bakin kantin magani ga sauran tarkacen nan: ƙwallo mai ƙayoyin roba na tafin ƙafa, ɗamarar ɗumama baya, da wani guntun katako na murza wuya.

"Ciwon gwiwa, ciwon ƙugu, sanyin ƙashi, minti uku an wuce wurin!"

Uwar 'yan biyu, wadda ke tsaye a bayan taron rungume da jakarta, ta ja tsaki. Shekara ashirin ta yi tana shara a asibitin ƙashi, ba ta taɓa ganin gwiwar da batir ya gyara ba. Ta dubi tsofaffin da suka yi cirko-cirko baki buɗe, kowa da inda yake dafewa. Da furfurarsu da komai, wani mai ɗan banzan surutu yana wasa da hankalinsu da rana tsaka.

Sai ga wani dattijo ya kutso cikin taron, yana dogara sanda, yana jan ƙafar hagu.

"Baba, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganina?" in ji mai tallan.

"Ban taɓa ba, ɗana."

Uwar 'yan biyu ta taɓe baki. Ko rawa muryarsa ba ta yi ba.

Aka zaunar da shi a kujerar roba, aka ɗora masa injin a gwiwa. Ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya. Da minti uku suka cika ya miƙe tsaye zumbur, ya saki sandar ta faɗi. Taku goma sha biyu zuwa turken lantarki, goma sha biyu ya dawo, tana ƙirgawa a ranta. Har da 'yar rausaya ya ƙara a ƙarshe. Wuri ya kaure da tafi.

Wata mata da ke kusa da ita ta kamo mata hannu. "Yaya, kin ga ikon Allah? Maigidana shekara biyu ke nan a zaune yake salla. In saya?"

"Ki samu ruwan ɗumi da tawul, ki sa hannunki. Ya fi wannan shirmen."

Matar ta yi mata kallon 'yar baƙin ciki, ta ture mutane ta isa teburin, ta sayi biyu. Uwar 'yan biyu ta raka ta da harara. Wani dai sai an cuce shi hankalinsa ke kwanciya.

Dattijon kuwa ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya nufi lungun bayan kantin yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Uwar 'yan biyu ta bi bayansa, takalminta na ƙara a kan siminti.

"Malam, da girmanka, ko kunya ba ka ji ba?"

Bai waiwayo ba. Bai kuma rage sauri ba, don har yanzu akwai idanu a kansa.

Yana shan kwana ya kama bango, ya sulale a kan matakala cikin tsofaffin kwalaye, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ta durƙusa ta naɗe masa wando, ta sa tafukanta biyu a kan gwiwar da ta kumbura suntum, tana murzawa tana masa faɗa ƙasa-ƙasa. Masu wayon cikin taro kullum ɗingishin suke zargi. Ita da ta yi shekara arba'in tana aurensa ta san ɗingishin ne kaɗai gaskiya, tafiyar ce ake biyansa ya yi.