Gadon Mai Ɗaukar Hoto

Tunda ka zo min da maganar raba jari da ɗan'uwanka, bari in ba ka wani misali, ka tafi gida ka juya shi a ranka.

A wani gari an yi wani mai ɗaukar hoton biki. Babu suna ko aure ko saukar karatu da za a yi a unguwarsu ba a gan shi da kyamara a kafaɗa ba. Da Allah ya karɓi abinsa, aka raba kayan shagonsa tsakanin 'ya'yansa maza biyu. Babban, Lawandi, ya tashi da ƙaton talabijin da ake gwada wa masu biki aikinsu. Ƙaramin, Tasi'u, ya sami 'yar kwamfutar da mahaifin ke tara bidiyoyinsa a ciki, wadda ba ta fi kwalin sukari girma ba, allonta kuma ya mutu tun mai ita yana da rai. Tasi'u ya duba ya ga an ba yayansa abin da ya cika bango, shi kuwa an ba shi abin da zai shige aljihun babbar riga. Abin ya tsaya masa a rai. Ya cusa ta ƙarƙashin gado, gaisuwarsu da Lawandi ta koma ta fatar baki. Shi ma Lawandin bai ci wata riba ba, don ba shi da abin da zai haɗa wa talabijin ɗin sai 'yar eriya, in iska ta kaɗa hoto ya koma yayyafi.

Ana nan, ran nan Tasi'u ya je gaida mahaifiyarsu, ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan sun gaisa ta ce, "Tasi'u, fuskar babanku tana nan a idona, amma muryarsa ta fara ɓace min. Jiya na yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake sallama in ya shigo, na kasa."

Maganar ta soki Tasi'u. Ya san mahaifinsu bai cika fitowa a hoto ba, kullum yana bayan kyamara, amma bakinsa ba ya shiru in yana aiki. Muryar da Inna ke nema tana nan kwance ƙarƙashin gadonsa, ƙura ta rufe ta. Ya koma gida ya jawo 'yar kwamfutar ya goge. Ya daɗe yana juya ta a hannu, domin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya tafi.

"Yaya," ya ce, "ni ina da abin kallo ba ni da allo, kai kana da allo ba ka da abin kallo. Inna ce ke son jin muryar Baba."

Lawandi ya miƙe ya kwance talabijin daga bango, suka kama shi tare, ɗaya a gaba ɗaya a baya, har ɗakin Inna.

Haɗin bai zo da sauƙi ba. Wayar haɗin da Tasi'u ya kawo bakinta bai shiga ba, sai da ya koma kasuwa ya canjo. Da suka jona, allon ya tsaya baƙi ƙirin, har Lawandi ya ɗauki rimot ya lalubo ƙofar da wayar ta shiga. Hoto ya fito, ga mata sun sha ɗauri suna ta buɗe baki, amma ko tari ba a ji. Tasi'u ya san cikin kwamfuta, ya shiga da linzaminta ya juya sautin zuwa talabijin, duk da haka shiru. Sai Lawandi ya tuna mahaifinsu ya saita talabijin ɗin ya riƙa magana ta babbar lasifikar shago, ya shiga ya mayar da sautin lasifikar jikin talabijin ɗin.

Nan take ɗakin ya cika da guɗa da hayaniyar biki, kuma a saman hayaniyar ga wata murya mai kauri tana cewa, "Ku matso mana! Hajiya, a ɗan saki fuska, ba makoki aka zo ba."

Tasi'u ya juya yana tsoron ya ga kuka. Sai ya ga Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ƙwalla na bin kuncinta. Ta ce, "Ku ji shi! Ko ina ya je sai ya ba da umarni."

Daga ranar babu wanda ya sake zancen nawa da naka. Suka ɗaure 'yar kwamfutar a bayan talabijin, suka bar su a ɗakin Inna. Tasi'u ya zuba mata tafsiri da karatun Alƙur'ani da abin kallon jikoki, Lawandi ya koya mata maɓallan da za ta danna. In an yi la'asar maƙwabta kan shigo, kowa na neman bikinsa na shekarun baya, wata ta ga kanta tana amarya, wani ya ga kakarsa tana rawa. Su biyun kuwa sukan zauna a tabarma ɗaya bakin ƙofa, kwanon gyaɗa a tsakaninsu, suna gardamar wane biki za a saka gobe.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.