Takardar da Ɗan Dambe Ya Ɓoye

Bari in ba ka misalin wani ɗan dambe, mahauci, wanda ya shekara goma sha biyu ba a kai shi ƙasa ba. Wata rana motar wani kamfani tana ja da baya a kasuwa ta matse masa hannun dama da bango, hannun ya mutu, ko wuƙar fawa ba ya iya riƙewa. Ya kai ƙara neman diyya. Kamfanin ya ce ai dambe ne ya cinye hannun tun tuni, motarsu shafarsa kawai ta yi. Alƙali ya yanke rana, ya ce kowane ɓangare ya miƙa wa abokin shari'arsa rahoton likitansa kafin ranar, har sau biyu yana yi wa ɗan damben ƙarin lokaci.

Shi kuwa tuni ya je wajen wani tsohon likitan ƙashi. Tsohon ya ɗaga hoton hannun a hasken taga, ya shiga karanta shi kamar allo. Ya nuna karaya uku da suka warke, ya ce waɗannan na dambe ne, ya faɗi shekarun kowace, bai kuskure ba. Sannan ya ɗora yatsa a kan ta huɗu, ya ce wannan babu naushin ɗan Adam da zai yi ta, nauyi ne ya bi ta kai a hankali daga hagu. Ɗan dambe ya yi mamaki, domin ko mahaifiyarsa ba ta san karayar farko ba. Ya karɓi takardar rahoton da likitan ya rubuta yana jin shari'a ta ƙare. To amma mutumin naka a fage ya girma, inda ba a nuna wa abokin karawa inda naushi zai fito. Ya ninke ta ya sa a ƙasan akwati, lauyansa na ta tambaya, shi kuma yana cewa likita bai gama ba.

Ranar zama ya zaro ta a tsakiyar kotu, yana jiran ya ga kamfani ya faɗi. Alƙali ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya cire tabarau. Ni dai ban taɓa jin an girmama takarda irin haka ba, kuma aka ƙi ta. Ya tambayi ɗan damben me ya sa kwanan watan da ke jikinta ya kai wata uku, shi kuma ya faɗi gaskiya, har da ɗan alfahari.

Alƙali ya ce, “Da rashin lafiya ce ta tsare ka, ko rashin hali, da na saurara. Amma ka ɓoye ne don kada su samu abin cewa. Ni ba na yanke hukunci da hujjar da aka hana ɗaya ɓangaren dubawa.”

Aka mayar masa da takardarsa, aka yi shari'a da rahoton likitan kamfani kaɗai, ƙarar ta faɗi. Ya fito da gaskiyarsa a hannun hagu, yana mamakin fagen da sai ka nuna naushinka kafin a yarda ka kai shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.