Gurbin Shanelle

"Ba inda za ni, Koci," in ji Shanelle. "Sai na gama jami'a."

Koci Hutchins ya daki tebur. "Ke yarinya, ƙwararrun ƙwallon kwando na nemanki a Sifen, kina zancen digiri? Kwashe kayanki!"

"Na kira su jiya. Ko sunana ba su taɓa ji ba." Ta nuna sabuwar 'yar wasa a bakin ƙofa. "Gurbina na karatu kyauta da jami'a ke ba 'yan wasa kake nema wa doguwar can, ko?"

Bai musa ba, kuma ba shi da ikon korarta.

Shanelle ta samu digirinta. Amma a benci ta ƙare shekararta ta ƙarshe tana tafa wa doguwar, ko sau ɗaya Koci bai sa ta a wasa ba.