Tabon Ƙaho a Gira

Ordinatar, wato kwamfutar shagon ɗaukar hoto, ta sake yin gurnani, fankarta na huci kamar za ta tashi sama. Mai hoton ya duba: aiki ya cika ƙwaƙwalwar injin maƙil, alhali hoto ɗaya tak yake gyarawa. Wata dattijuwa ce ta kawo shi daga Hawandawaki, na ƙanenta da ya bi shanu kudu tun yana saurayi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Malam, kada ta cinye mini shi. Shi kaɗai gare ni."

"Kwantar da hankalinki, Inna."

Ya yi ta tono har ya gano dalili. Bai taɓa goge hoton kowa ba, shi kuwa lojisiyel ɗin, wato manhajar gyaran hoto, ya duƙufa yana bin su duka, yana gwada fuska da fuska.

"Yauwa, na kama ka!" Ya kai hannu zai kashe.

Sai allon ya jera hotuna biyu. Ga saurayin, ga wani mai furfura riƙe da rago, a taron sunan da mai hoton ya ɗauka a garin Attantane makon jiya. Tabon ƙaho iri ɗaya a gira.

Kafin ya gama faɗa mata inda ya ɗauki hoton, Inna har ta suri mayafinta.

"Ina ake shiga motar Attantane?"